Ƙarfin Kankare Ba Ya Maye Gurbin Zobe: Martani Kan Benayen Tamale

Na karanta makalar da wani ɗan'uwa ya rubuta kwanakin baya a kan tsadar gini a Tamale, na kuma ga yadda ta shiga ran 'yan kwangila da masu filaye. Rabin abin da ya faɗa gaskiya ne. Rodi ya yi tsada, siminti ya yi tsada, mai ƙaramin ƙarfi yana jin jiki kafin ya ga rufi a kansa. Inda muka rabu shi ne maganin da ya kawo. Ya ce tunda ƙasa ba ta girgiza a arewacin Gana, kuma tunda yanzu ana iya haɗa kankare mai ƙarfin gaske, to injiniyoyi su daina cunkusa rodi a mahaɗar ginshiƙi da bim. A ƙara siminti, a sirantar da ginshiƙi, a cire zobban nan da ke wahalar da masu ɗaure rodi, ƙarfin kankaren zai ɗauki sauran. A ganinsa, tsare-tsaren girgizar ƙasa kaya ne na mutanen Akara da aka ɗora wa arewa ba gaira ba dalili.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Malam mai makalar ya yi magana da kyakkyawar niyya, amma shawarar tasa ta taɓa wurin da bene ya fi rauni, kuma ta taɓa shi ta hanyar da ido ba zai sake gani ba da zarar an zuba kankare.

Yawancin masu gini ba su taɓa leƙa wurin da ake gardama a kansa ba. Inda bim ya shiga ginshiƙi akwai ɗan curin kankare, faɗinsa faɗin ginshiƙin, tsayinsa zurfin bim ɗin. A ranar da babu komai, nauyin bene yana bi ta cikinsa ya sauka ƙasa kai tsaye, kankare kuwa ya iya ɗaukar danniya, shi ya sa ba a jin kansa. Amma da zarar wani abu ya tura ginin ta gefe, sai labari ya sha bamban. Bim na dama ya lanƙwasa ƙasa, na hagu ya lanƙwasa sama. Rodin da ya ratsa ta saman mahaɗar, ana jansa daga wannan ɓangare, ana tura shi daga wancan, duk a lokaci guda. Na ƙasa kuma akasin haka. Ginshiƙin sama da na ƙasa su ma suna murɗa ta. Ƙarfin da ke neman yage wannan ɗan curi yakan ninka wanda ke cikin ginshiƙin kansa sau da yawa, sai tsaga ta fito a karkace, daga kusurwa zuwa kusurwa. Girgiza ba ta tura gini gefe ɗaya ta ƙyale shi. Tana kai shi tana dawo da shi, sai wata tsagar ta fito ta gicciye ta farko. Kowane kai da komo yana buɗe tsagar yana rufe ta, yana niƙe kankaren tsakiya kaɗan-kaɗan. In akwai zobba, waɗanda masu aiki ke ce wa ringi, da suka kewaye rodunan ginshiƙi a cikin mahaɗar, su ne za su riƙe tsagaggen kankaren a matse, ya ci gaba da ɗaukar bene ko da ya farfashe. In babu su, ɓarɓashin ya zube, rodunan tsaye su lanƙwashe waje, hawan sama ya zauna a kan na ƙasa.

Ba a zaune aka ƙago wannan bayani ba. Tun 1967 Hanson da Connor suka fara gwada irin waɗannan mahaɗu a Amurka, suna tura su gaba da baya har su karye. Bayansu Robert Park da Thomas Paulay na Jami'ar Canterbury a ƙasar Nu Zilan suka zurfafa binciken, suka fitar da littafinsu a 1975. Daga nan tunanin da injiniyoyin duniya ke bi yau ya kafu: in dole wani abu ya ba da kai, to ya zama bim, domin bim na iya lanƙwasa ya tsattsage mutane su fita da ƙafarsu. Ginshiƙi da mahaɗa su ne ba a yarda su gaza ba. Shi ya sa ƙa'idar Amurka ta ACI 318 ke neman ƙarfin ginshiƙai a mahaɗa ya fi na bim da aƙalla kashi 20 cikin 100 a inda girgiza ke da yawa, ta Turai kuma, Eurocode 8, ke neman kashi 30. Malam ya ce a sirantar da ginshiƙi a bar bim yadda yake. Wannan juya tsarin ne kansa ƙasa.

Yanzu mu zo ga lissafin da dukan makalar ta dogara a kansa, wato cewa in ka ninka ƙarfin kankare ka ninka ƙarfin mahaɗa. Kankaren da aka saba rubutawa a zanen gidajenmu mai megafaskal 25 ne, ma'ana fili mai santimita ɗaya a tsaye da kwance yana ɗaukar danniyar kilo 250 ko kusa da haka. Ana fara kiran kankare mai ƙarfin gaske daga 50 ko 55 zuwa sama. To ga inda gizo ke saƙa: lambar nan awon danniya ce kawai, ita kuwa mahaɗa yagewa take yi. Juriyar kankare ga yagewa ba ta hawa tare da lambar kafaɗa da kafaɗa. A lissafin ACI, in ka tashi daga 25 zuwa 50, ƙarfin mahaɗa ya ƙaru da kashi 41 cikin 100 ne kacal. Kafin ya ninka sai ka kai 100. Sannan in ka yi amfani da wannan ƙarfi ka rage ginshiƙi daga milimita 400 kowane gefe zuwa 300, girman fuskar mahaɗar ya ragu da kusan kashi 44. Ninka abin da ka samu da abin da ya rage maka, za ka tarar mahaɗarka ta koma kimanin kashi 80 na ƙarfinta na da. Ka biya kuɗin siminti mai yawa, ka samu mahaɗa mai rauni fiye da wadda ka bari.

Akwai kuma halin kankaren kansa, wanda makalar ba ta ko ambata ba. Kankare na yau da kullum, in ya kusa gazawa, tsagarsa tana zagaye tsakuwa, fuskokin tsagar su yi kaushi su riƙa cizon juna, ya ɗan ja lokaci kafin ya saki. Mai ƙarfin gaske kuwa tsaga tana raba tsakuwar biyu ta wuce, fuskar ta yi santsi, ɓawon waje ya ɓalle da wuri, gazawar ta zo farat ɗaya. Bambancin tangaran da kwanon silba ke nan: tangaran ya fi tauri, amma in suka faɗi tare, silba lotsawa yake yi, tangaran kuwa sai tsintsiya. Abin da girgiza ke nema a gini shi ne ya iya lotsawa yana tsaye, kuma zobba ne ke ba kankare wannan hali. Don haka ne a ƙa'idar ACI yawan zoben da ake buƙata don matse ginshiƙi ke hawa daidai da lambar kankare: ka ninka lambar, ka ninka ƙarfen zobe, sai dai in ƙarfen kansa ka ƙara wa ƙarfi. Gaskiya ne masana sun yi ta muhawara a kan ko wannan ƙari ya yi yawa a cikin mahaɗa. Ehsani da Alameddine na Jami'ar Arizona, da suka gwada mahaɗun gefe na kankare mai ƙarfi, sun nuna a 1991 cewa bai kamata a ɗauki lissafin kankaren gama-gari a shimfiɗa shi a kan mai ƙarfi kai tsaye ba. Japan ma ta kashe shekaru biyar, daga 1988 zuwa 1993, tana bincike na ƙasa a kan gina dogayen benaye da kankare da rodi masu ƙarfin gaske. Muhawarar duk a kan nawa za a sa ne, da yadda za a jera su. Cire su gaba ɗaya bai shigo zancen ba.

Sirantar da ginshiƙi na da wata illa ta uku. Rodin bim yana buƙatar tsawon da zai kama kankare kafin ya fita ta ɗaya gefen, in ba haka ba ya fara zamewa a cikin raminsa, ginin ya riƙa lilo fiye da kima. Ƙa'idar wuraren girgiza ta ce faɗin ginshiƙi ya kai kaurin rodin sau 20 aƙalla. Rodi mai milimita 16 yana son ginshiƙi mai 320, mai milimita 20 yana son 400. Ginshiƙin da ya cika unguwanninmu, daga Zogbeli zuwa Kalpohin, shi ne mai inci 9, wato milimita 225, don ya ɓuya cikin kaurin bulo. Ban ce dole kowane gida a Tamale ya cika wannan sharaɗi ba, amma yana nuna mana inda muke tsaye. Ginshiƙanmu tun yanzu sirara ne, babu abin da ya rage da za a yanka.

Duk wannan kuma da sharaɗin an samu kankaren da aka rubuta a takarda. A nan ne na fi mamakin makalar, domin mai ita ɗan gari ne, ya san yadda ake zuba dakin, wato rufin kankare, a Tamale. Kankare mai lamba 50 ko 60 yana son ruwa kaɗan, da sinadarin da ke sa shi gudu ba tare da ƙarin ruwa ba, da auna komai a sikeli, da tsakuwa mai tauri da aka wanke. Dutsen da ke ƙarƙashin garinmu na kwarin Bolta ne, dutsen yashi da na laka, tsakuwa mai kyau sai an yi nisa an ɗauko daga wurare irin su Pwalugu. Mu kuwa da kwanon sarki da baro muke awo. Wanda ya taɓa tsayawa a kan dakin da tsakar rana a watan Maris, lokacin da zafi ke kaiwa 40, ya san abin da ke faruwa. Kwaɓin ya fara ƙamewa tun yana cikin kwano, leburori suna ta hawa da sauka, mai zubawa ya ɗaga murya ya ce a ƙara ruwa, yaron injin ya kwara bokiti guda. Da wannan bokiti lambar da injiniya ya rubuta ta tafi. Washegari kuma ana son a riƙa jiƙa kankaren kwana bakwai aƙalla, a garin da ruwan famfon Dalun ba ya isar kowa da rani, inda mai gini ke sayen ruwa a tanka yana lissafin kowace ganga. In hunturu ne, iska ta shanye danshin kafin azahar. Kankare mai ƙarfin gaske ya fi na gama-gari jin wannan ƙishi, domin tun asali ruwansa kaɗan ne, ya fi saurin tsagewa tun yana ɗanye. Wasu ma suna ganin 42.5 a jikin buhu su ɗauka ƙarfin dakinsu ke nan, alhali lambar simintin ce, abin da zai fito a ginshiƙi ya danganta da yashi da ruwa da hannu. Mutum nawa cikin masu benaye a Lamashegu ko Vittin suka taɓa kai curin gwaji a matse shi bayan kwana 28? Ƙarfin da aka rubuta yana iya zuwa yana iya ƙin zuwa. Zoben da aka cire saboda shi kuwa ya riga ya tafi.

Kuma mu faɗi gaskiya, zobban mahaɗa tun yau ba ko'ina ake sa su ba. Mai ɗaure rodi yakan haɗa kwandon bim a sama, a kan katako, sannan su taru su zura shi ƙasa cikin akwatinsa. In akwai zobba a rodunan ginshiƙi daidai mahaɗar, kwandon ba zai sauka ba, sai ya ture su sama ko ya kwance su, da niyyar mayarwa daga baya. Bayan an zura, hannu ba ya shiga. Sai ka leƙa ka ga zobba a jere ƙasa da bim, a jere sama da shi, tsakiya kuwa wayam, tsawon milimita 450 babu ko ɗaya. Waɗanda aka sa ma bakinsu lanƙwasar kwana ce kawai, maimakon a mayar da shi ciki ya kai digiri 135 ya nutse cikin kankare. Da ɓawo ya ɓalle, irin wannan zobe buɗewa yake yi. Mai ɗaure rodi yana yin haka ne yana ɓoyewa, don ya san kuskure ne. Makalar Malam ta ba shi hujjar da zai yi shi a fili.

Sai babbar maganarsa, cewa ƙasa ba ta girgiza a nan. Na yarda haɗarin Tamale kaɗan ne in aka gwada da kudu. Tsagar ƙasa ta Akwapim da ta bakin teku suna haɗuwa ne a yammacin Akara, wajen Weija da tudun McCarthy, can ne tarihin yake: 1862, sannan 22 ga Yunin 1939 da ta kai kimanin maki 6.5 ta kashe mutum 17 ta jikkata 133, sai motsin 1997 da 2018 da 2020 da 2022. Ba wanda ya ce a gina Sagnarigu kamar yadda za a gina Weija, ƙa'idojin girgiza ko'ina suna raba ƙasa shiyya-shiyya. Amma tsakanin "kaɗan" da "babu" akwai tazara. Mutanen Gaoual a arewa maso yammacin Gini, nesa da bakin teku, ba su san kansu da girgiza ba har ranar 22 ga Disambar 1983, lokacin da wadda ta haura maki 6 ta kashe ɗaruruwa. Mutanen Kwoi a Jihar Kaduna sun ji ƙasa ta motsa a 2016, na Mpape a Abuja a 2018. Na'urorin da ke sauraron ƙasar Afirka ta Yamma ba su daɗe ba, bene kuwa ana gina shi ne don shekara 50 zuwa sama.

Sannan shawara irin wannan ba ta tsayawa a Tamale. Matasanmu nawa ne ke koyon ɗaurin rodi a nan, rani ya yi su hau mota su tafi Kasoa da Madina da Ashaiman a kewayen Akara? Ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tamale ba duka ne za su yi aiki a arewa ba. Hannun da ya saba tsallake mahaɗa a Kukuo ta Tamale zai tsallake ta a Gbawe kusa da Weija, a kan tsagar ƙasar kanta. Abin da ke biyo baya an gan shi a Kocaeli ta Turkiyya a 1999, inda sama da mutum dubu 17 suka rasu, an sake gani a kudancin ƙasar ranar 6 ga Fabrairun 2023, inda adadin ya haura dubu 50. Injiniyoyin da suka bi kango suna dubawa sun yi ta tarar da abu ɗaya: mahaɗu babu zobe, zobba masu buɗaɗɗen baki. A Christchurch, garin su Park da Paulay, girgizar 22 ga Fabrairun 2011 ta kashe mutum 185, kuma 115 daga cikinsu a gini ɗaya suka rasu, benen CTV mai hawa shida. Hukumar binciken da gwamnati ta kafa ta ambaci mahaɗun ginshiƙi da bim cikin wuraren da ginin ya fi rauni.

Ko mu ajiye girgiza gefe ma, benayenmu suna faɗuwa ba tare da ita ba. Ranar 7 ga Nuwamban 2012 benen da kantin Melcom ke ciki a Achimota ta Akara ya rufta, mutum 14 suka rasu, kuma binciken injiniyoyi ya nuna raunin kankare. A nan gida, a watan Mayun 2023, wani bene mai hawa da yawa da ake ginawa a harabar cikin gari ta Jami'ar UDS ya zube a lokacin ruwa da iska. Ƙasa ba ta motsa ba a ko ɗaya daga cikinsu. Iskar farkon damina da ke kwashe rufin makarantu a arewa ita ma ta gefe take tura gini. Tushe na iya nutsewa a gefe ɗaya. Kuma kowa ya ga rodunan da ake bari a tsaye a kan dakin suna jiran ranar da mai gida zai samu kuɗi ya ƙara hawa, a kan ginshiƙan da aka lissafa don hawa biyu. A duk waɗannan, in ginshiƙi ɗaya ya gaza, mahaɗu masu zobe ne ke ba ginin damar miƙa nauyin ga maƙwabtansa, mutanen ciki su samu 'yan mintocin fita. Shi ya sa ACI ke neman aƙalla layi biyu na zobe a mahaɗar gefe da ta kusurwa, tazararsu kada ta wuce inci 8, ko da a ƙasar da ba ta san girgiza ba. Ƙa'idar gini ta Gana, GS 1207, wadda Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Mahamudu Bawumia, ya ƙaddamar a 2018, ta ƙasa ce baki ɗaya, har da mu.

To nawa ne ma kuɗin da ake son tsimi? A ginshiƙi mai milimita 300 da bim mai zurfin 450, zobba huɗu na rodi mai milimita 10 sun cika mahaɗar. Duka-duka tsawonsu bai kai mita 5 ba, nauyinsu kilo 3. Bene mai ginshiƙai 20 da hawa huɗu yana da mahaɗu 80, wato kilo 240, ƙasa da rubu'in tan, a ginin da ke cin rodi tan-tan. Ƙarin simintin da sinadarin da za a saya don a tashi daga 25 zuwa 50 za su lashe wannan kuɗi su nemi ƙari.

Malam, in tsimi muke nema, akwai inda za a same shi. A rage tazarar ginshiƙai don bim su yi sauƙi, a daina baranda mai tsawo da ke rataye ba madogara, a jinkirta tayil da ado, a haɗa kankare mai lamba 25 ko 30 na gaskiya a jiƙa shi yadda ya kamata. Kankare mai ƙarfin gaske yana da wurinsa, a manyan ayyuka irin gadar sama ta tsakiyar gari da aka buɗe a 2022, inda akwai sikeli da ɗakin gwaji da injiniya a tsaye. Ina roƙon ku janye maganar cire zobe a rubuce, kamar yadda kuka faɗe ta a rubuce. Ina kuma roƙon sashen ayyuka na Majalisar Birnin Tamale da na Sagnarigu su sa doka cewa duk benen da ya wuce hawa ɗaya, ba a zuba dakinsa sai jami'i ya hau ya leƙa mahaɗun kusurwa da na gefe, ya ƙirga zobban da idonsa, ya duba bakinsu, ya sa hannu.